Yadda ake zana tambarin zauren tattaunawar jama'a a Damagaram

Ranar da na kai zanena na farko wata fada, wato majalisar shayi ta samari, a unguwar Garin Malam, na tafi ne da tabbacin aiki ya ƙare. Hannaye biyu ne suna musabaha, kurciya a samansu, zobe ya kewaye su, sunan shirin kuma da Faransanci. Kwamitin da ya ba ni aikin yana son matasa da masu unguwanni da mata ƴan kasuwa da ma'aikatan magajin gari su riƙa zama sau ɗaya a wata, su faɗa wa juna gaskiya kan ruwa da shara da rigimar samari. Mai dafa shayin ya ajiye maficin da yake hura gawayi da shi, ya karɓi takardar, ya juya ta, ya ce: "Malam, wace jam'iyya ce wannan?" Na kusa da shi ya leƙo ya ce a'a, wannan ai masu rabon abinci ne. Su bakwai ne a kan tabarmar, babu ko ɗaya da ya ga wurin zama a cikin zanen.

Tun daga ranar na canza yadda nake wannan aiki. Mai shago yana son tambarinsa ya ce "nawa ne". Zauren tattaunawa kuwa yana son duk wanda aka gayyata ya kalli tambarin bai ji cewa wurin na wasu ne ba. Matakan da ke ƙasa duk hidimar wannan suke yi.

Mataki na 1: a rubuta jimla ɗaya kafin a taɓa fensir

Zauna da kwamitin, ka ce su gaya maka cikin jimla ɗaya, da Hausa, su wa za su zauna da su wa, kuma a kan me. Idan suka ba ka kalmomin takardun neman tallafi, irin su "ƙarfafa haɗin kan al'umma", ka sake tambaya cikin ladabi har sai an samu magana mai ƙafafu: "Manoma da makiyaya na karkarar Mirriah za su zauna kafin girbi su daidaita kan burtali da ranar sakin dabbobi." Ko: "Samarin unguwa da iyayen gari za su zauna kan faɗan da ake yi da dare." Waɗannan zama biyu ne daban, kuma tambari ɗaya ba zai yi musu daidai ba.

A wannan zaman ne za ka tambayi inda tambarin zai hau. Rubuta su duka: hatimin sakatare, kan takardar gayyata, hoton rukunin WhatsApp, kyallen da ake ratayawa a bayan masu magana, riguna, allon ƙarfe a ƙofar ofis. Tambayi kuma wa zai yanke hukuncin ƙarshe. Mutum uku sun isa. Kwamitin mutum goma sha biyar, kowa zai so a saka masa abu guda, a wayi gari tambarin ya koma rumfar ƴan koli.

Mataki na 2: a zaga gari a ga abin da ya riga ya zama na wasu

Hau kabu-kabu ka zaga daga Birni zuwa Zango, ka biya ta kasuwar Dole, kana ɗaukar hoton alluna da salularka. Kwana ɗaya ya isa ka gane cewa musabaha da kurciya da taswirar Nijar da mutane riƙe da hannun juna sun cika bango. Wanda ya ƙara ɗaya a kansu ya ɓace cikin taro.

Sannan akwai alamomin da suke da masu su, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Rawani, kakaki, takobi da siffar ƙofar fadar Sarkin Damagaram na sarauta ne. Abin alfaharinmu ne, gari ne da ganuwarsa ta tashi tun zamanin Sarki Tanimu, kuma shi ne babban birnin Nijar har zuwa 1926 da aka mayar da shi Yamai. Amma idan zaman naku wuri ne da talaka zai kawo kukansa a gaban mai unguwa, tambari mai rawani ya riga ya gaya masa wa ke da zauren. Dagin da ake gani a bangayen Birni da wuyan riguna yana da kyau ƙwarai, sai dai mutane da yawa suna karanta shi a matsayin alamar Arewacin Najeriya. Tutar ƙasa da hatimin gwamnati kuwa za su sa a ɗauka ofishin hukuma ne, mutane su zo da bakinsu a ɗaure. Jan kuros da jan jinjirin wata a kan farin fili ba a taɓa su ma sam, domin yarjejeniyoyin Janiba na 1949 sun keɓe su ga ayyukan jinya da agaji.

Ayar Alƙur'ani kada ta shiga tambari. Takardar gayyatar yau, gobe da ita za a naɗe tsire ko a tsince ta a kwata. Kuma zauren na gari ne duka, har da maƙwabtanmu Kirista.

Musabahar nan da na fara da ita tana da wata matsala da sai wata hajiya mai sayar da atamfa ce ta nuna mini. Ta kalli hannayen ta ce: "Ɗana, waɗannan ai maza ne ke gaisawa. Mu a ina muka zauna?" A garinmu mace da namiji ba su cika yin musabaha ba, don haka hoton da ake ɗauka na kowa ne ya bar rabin gari a waje.

Mataki na 3: a nemo abu ɗaya daga rayuwar masu zaman

Ka tambayi mutanen da kansu: a ina kuke zama idan za a sasanta magana? Me ke gabanku a lokacin? Amsoshin da za ka ji su ne kayan aikinka: tabarma, inuwar bishiya, zaure, butar shayi da ƙananan kofuna, ƙwaryar fura da ludayi, goro, bakin rijiya. Kowanne yana da nasa nauyi. Butar shayi tana kiran samarin fada nan take, amma dattijuwa ba za ta ga kanta a ciki ba. Ƙwarya da ludayi sun fi faɗi, kowa ya sha fura, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Buzu. Tabarma ta fi su duka sauƙin zane, kuma wanda ya hau ta ya sauko daidai da kowa.

Ga zaman manoma da makiyaya, ban san abin da ya kai gawo ba. Duk wanda ya bi hanyar Magaria ko Matamaye ya ga yadda ya cika gonaki, saboda manoman yankin sun daɗe suna barin tsironsa ya girma a maimakon sare shi. Da damina yana zubar da ganye, bai tare wa gero rana ba. Da rani, lokacin da sauran itatuwa suka bushe, shi ke da ganye da inuwa, ƴaƴansa kuma abincin awaki da shanu ne. Dabbobin su kwanta a gindinsa su bar taki, manomi ya samu a shekara mai zuwa. Itace ɗaya, mai gona yana so, mai garke yana so, kuma dukansu sun san haka ba sai an yi musu bayani ba.

Zaɓi abu ɗaya. Idan dole ne, biyu, kamar gawo da tabarma a gindinsa. Na uku ya yi yawa.

Mataki na 4: fensir da takarda

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Raba farar takarda gida goma sha biyu, ka cika kowane gida da zane, ba tare da gogewa ba. Yi haka shafi biyu ko uku. Na farkon za su yi kama da abin da ka gani a bango. Masu amfanin sukan fito ne bayan hannu ya gaji da kwaikwayo.

Idan za ka nuna mutane, nuna su a zagaye, kai ɗaya, girma ɗaya, babu wanda ke tsakiya, babu wanda ya fi wani tsawo. Ɗigo da ɗan lanƙwasa sun isa su zama mutum idan ana kallonsu daga sama. Wannan yana raba ka da rigimar wa aka sa wa hula, wa aka sa wa gyale, yana kuma kwantar da hankalin waɗanda ba sa son hoton mai rai a jikin rigar da za su shiga masallaci da ita. Abin da nake so ƙwarai shi ne a bar gurbi ɗaya a buɗe a cikin zagayen, ta ƙasa, wajen mai kallo. Mutane suna gane shi ba tare da an faɗa ba: akwai sauran wuri.

Kula da lissafi. Idan ka zana mutum huɗu, wani zai ƙirga ya ce ƙabilu huɗu ake nufi, ya tambayi ina Tubawan Tesker, ina Larabawa. Ka sa adadin da ba ya nufin komai, kuma ka shirya faɗin haka.

Mataki na 5: baƙi da fari, sannan a ƙanƙanta

Ɗauki uku mafi kyau, ka cika su da baƙin alƙalamin maka. Babu inuwa, babu launi. Yawancin rayuwar tambarin nan a haka za ta ƙare, a hatimi da fotokwafi. Je wurin mai fotokwafi ka ce ya rage maka su zuwa faɗin santimita 2, sannan ya kwafi kwafin, ya sake kwafar wannan. Siraran layuka za su ɓace, ganyayen da ka ɓata dare kana jerawa za su dunƙule su zama tabo. Abin da ya tsira shi ne tambarinka. Gawon da ya fara da rassa talatin zai dawo da biyar masu kauri, kuma ya fi kyau a haka.

Zana da'ira ka sa shi a ciki, domin WhatsApp yana yanke hoton rukuni ne a zagaye, ya cinye kusurwoyi.

Mataki na 6: launi

Biyu sun isa, ban da farin takarda. Mai buga riguna da hannu yana yin allo daban ga kowane launi, kuɗin kuma yana hawa da yawansu. Launin da ke narkewa daga wani zuwa wani yana da kyau a fuskar salula, amma mai fenti da mai surfani ba za su iya maimaita shi ba.

A Nijar launi yana da tarihin siyasa. Ruwan hoda na tuna wa kowa jam'iyyar PNDS-Tarayya, tsanwa kuma MNSD-Nassara. An rushe jam'iyyu a 2025, amma idon da ya ga yaƙin neman zaɓe shekara da shekaru bai manta ba. Ruwan lemu da fari da tsanwa a jere kuwa tuta ce. Kafin ka tsayar da launi, nuna wa dattawa biyu ko uku da suka san siyasar gari, ka tambaye su wa yake tuna musu. Ni na fi karkata ga launukan da garin ya riga ya saba gani: jan ƙasar bangon Birni, shuɗin baba na marina, ruwan fatar da dukawa ke jemewa.

Ka tuna da rana da ƙurar hunturu. Ja yana saurin koɗewa a kyallen da ya sha rana, rawaya a kan fari ba ta ganuwa daga nesa, kuma a fotokwafi ja da tsanwa kan zama toka iri ɗaya. Akwai ma mutane, maza galibi, da idonsu bai rarrabe waɗannan biyun sosai. Don haka launi ɗaya ya zama mai duhu, ɗaya mai haske.

Mataki na 7: suna da haruffa

Sunan ya zo da Hausa a sama, da manyan haruffa. Ita ce harshen kasuwa da fada a Damagaram, kuma tun 2025 ita ce harshen ƙasa a hukumance. Faransanci ya biyo a ƙasa, ƙarami, a sigar da za ta hau wasiƙun ofis. Idan sunan dogo ne, a yanke shi zuwa kalma biyu ko uku. Gajerun haruffan nan na ƙungiyoyi, biyar ko shida a jere, mai lakwal kaɗai ke iya furta su. Sunan da za a iya kira a rediyo kuma tsohuwa ta riƙe shi ya fi.

Ga wurin da nake roƙon a yi hattara. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba kowane salon rubutun kwamfuta ke da su ba. Idan babu, ko dai akwati ya fito a gurbinsu, ko harafin ya zo da wata siffa dabam a tsakiyar kalma, ko mai bugawa ya cire ƙugiyar ya huta. To "ƙasa" da "kasa" ba ɗaya ba ne. Shirin da ke kiran ƴan ƙasa su zauna bai kamata allonsa ya ce sun kasa ba. Kafin ka zaɓi salo, buga waɗannan haruffa huɗu, manya da ƙanana, ka gani da idonka. Noto Sans yana da su, haka Andika da Charis na cibiyar SIL, kuma duka kyauta ne, lasisinsu ya yarda a yi aiki da su. Andika ma an tsara shi ne don masu koyon karatu, haruffansa ba sa rikita ido.

Sai ajami. Mutane da yawa a garin nan da ƙauyukansa sun fi sakewa da shi fiye da boko, kuma ganin sunan da ajami yana gaya musu cewa da su ake. Akwai salon kwamfuta mai suna Alkalami da aka yi shi a kan irin rubutun allo na ƙasar Hausa. Amma abin da ya fi shi ne ka je wurin malami mai kyan hannu ya rubuta maka da tawada, ka ɗauki hotonsa ka bi layin. Ka kai wa malami na biyu ya karanta da ƙarfi ba tare da ka gaya masa abin da aka rubuta ba. Idan zaman ya shafi yankin Tanout ko Belbedji, ana iya yin siga mai Tifinagh, wato rubutun Buzaye, wanda ya iya shi ya duba. Kada dai a cusa rubutu uku a cikin hatimi ɗaya: alama ɗaya, sigogin suna daban-daban.

Mataki na 8: a hau kwamfuta

Yanzu ne lokacinta. Ɗauki hoton zanen a wuri mai haske, ka shigar da shi manhajar zanen vekta, wato irin zanen da ake iya faɗaɗa shi daga girman hatimi zuwa girman bango bai dushe ba. Inkscape kyauta ce kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. Masu buga takardu da yawa CorelDRAW suke amfani da ita, don haka tambayi naka wane irin fayil yake karɓa tun kafin ka fara. Bi layukan da hannunka, ka daidaita kauri, ka jera tazara.

Idan da salula kake aiki a manhajar Canva, yi amfani da ita wajen gwada jeri, amma kada ka ɗauki hoton da ke cikin rumbunta ka mai da shi tambari. Dubban mutane na ɗaukar wannan hoton, kuma ƙa'idar kamfanin ba ta yarda a yi rajistarsa a matsayin alamar wani ba. Haka hoton da aka kwaso daga Google: yana da mai shi.

Kafin ka ba da fayil, mayar da rubutun ya zama zane, don kada ƙugiyoyin su ɓace a kwamfutar da ba ta da salonka. A Inkscape Shift da Ctrl da C ne, a CorelDRAW kuma Ctrl da Q. Ajiye kwafi ɗaya da ba a mayar ba saboda gyaran gaba. Launin fuskar kwamfuta, RGB, ya fi na tawadar bugawa, CMYK, haske, saboda haka a buga maka gwaji ɗaya ka gani kafin a buga ɗari biyar.

Mataki na 9: a mayar da shi titi

Buga biyu ko uku da suka rage, ba tare da suna ba, ka fita da su. Tambaya ɗaya ce: "Me ka gani?" Kada ka ce "Ya yi kyau?", domin kunya za ta sa kowa ya ce ya yi. Kada kuma ka yi bayani. Nuna wa ɗan kabu-kabu, mai sayar da nono, ɗalibar jami'ar André Salifou, limamin unguwa, mai garuwa, da samarin unguwar Kara-Kara, waɗanda aka saba yin magana a kansu ba a yi da su ba. Rubuta amsar kowa yadda ya faɗe ta. Daga baya ka ƙara tambaya ta biyu: "Idan ka ga wannan a ƙofa, za ka shiga?"

Da na koma fadar nan ta Garin Malam da zagayen mutane a kan tabarma, mai shayin ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗora yatsa a kan gurbin da na bari ya ce: "Nan wa ya tashi?" Wani ya ce masa ba tashi aka yi ba, jira ake. Suka ɗan yi musu a kai, ni kuwa ina rubutawa.

Idan mutum uku da ba su san juna ba suka ga abu ɗaya da ba ka nufa ba, gyara, ko da kai ba ka ganinsa.

Mataki na 10: amincewa, mallaka da miƙawa

Kai wa mutum ukun nan zane biyu, tare da amsoshin titi. Nuna su a inda za su rayu: a kan takarda, a riga, a fuskar salula. Idan wani babba ya ce a ƙara taswira ko tauraro, kada ka yi gardama, nuna masa kwafin santimita 2 ka ce: "Ranka ya daɗe, ga yadda zai fito a hatimi." Tambarin masu ba da tallafi kuma a jere a ƙasan kyalle yake zama, ba a cikin naku ba, domin tallafi yana ƙarewa.

A rubuta takarda, mai zane ya sa hannu cewa ya mallaka wa shirin tambarin bayan an biya shi, ko da kyauta ya yi. Idan ana son kariya ta doka, Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar da ke rajistar tambura, mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa. Rajista ɗaya tana aiki a ƙasashenta 17, na tsawon shekara 10, ana kuma sabuntawa. Ƙaramin zauren unguwa ba lallai ya kai can ba, amma takardar mallakar nan kada a tsallake ta.

Abin da za ka miƙa: fayil ɗin SVG da PDF na masu bugawa, PNG marar bango na salula, siga mai launi, siga baƙa, siga fara ta hawa kan kyalle mai duhu, da alamar ita kaɗai ba suna. Haɗa da shafi ɗaya da ke nuna lambobin launukan, sunan salon rubutun, mafi ƙanƙantar girman da aka yarda da shi, da filin da za a bari a kewaye. Ka tura su a WhatsApp a matsayin fayil, domin idan aka tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi ya dushe. Kwafi ya zauna wurin mutum biyu a kwamitin, ɗaya kuma a imel ɗin shirin.

Ranar da mai fenti zai hau allon ƙofa, kada ka bar shi da hoton salula. Buga masa tambarin a babbar takarda, ka ja layukan murabba'i a kai don ya auna, ka tsaya a wurin har ya gama ƙugiyar ƙ ta ƙarshe.